Sitiyari a Hannunka: Yadda Ake Zagaya Tsibirin Kudu na Niyu Zilan da Mota

Tsakanin garin Queenstown da mashigin tekun Milford Sound, a Tsibirin Kudu na ƙasar Niyu Zilan, tazarar ba ta fi kilomita 70 ba idan a ƙaramin jirgin sama ne. Wanda ya ɗauki mota kuwa, sai ya yi kusan kilomita 290, ya shafe awa huɗu ko fiye a kan sitiyari, ko da bai tsaya shan ruwa ba. Hanyar takan yi kudu tukuna ta gefen tafki, ta karya yamma, sannan ta sake miƙewa arewa, domin tsaunuka sun tare tsakani. Mai niyyar hayar mota ya zagaya wannan tsibiri da kansa, wannan lissafi ne ya kamata ya fara riƙewa. Taswira za ta nuna masa wuri kusa, hanya kuma ta ce da sauran tafiya.

Tsibirin yana da faɗin murabba'in kilomita kusan 150,000, wato kamar a haɗa Jihar Neja biyu, amma mutanen cikinsa ba su wuce miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da 'yan kai ba. Jiragen ƙasa na fasinja ƙalilan ne, su ma na masu yawon buɗe ido ne. Bas tana haɗa garuruwa, sai dai abin da ake zuwa gani ba a cikin gari yake ba, yana tsakanin wannan gari da wancan, inda bas ba za ta jira ka ba. Shi ya sa baƙi da yawa suke karɓar makullin mota tun daga filin jirgi.

Kusan duk abin da matafiyi zai gani a can, daga launin tafkuna zuwa karkacewar hanya, tushensa ɗaya ne: jerin tsaunukan da suka ratsa tsibirin daga sama zuwa ƙasa na tsawon kilomita kusan 500. A ƙarƙashinsu ne manyan falalen ɓawon ƙasa guda biyu suke gogayya, na Fasifik da na Ostireliya, suna gurgusawa 'yan santimita a shekara, ɗaya yana tura ɗaya sama. Mafi tsawo a cikinsu shi ne Aoraki, wanda Turawa suka sa wa Mount Cook, mai tsayin mita 3,724. Iskar yamma tana ɗauko danshi daga teku, ta ci karo da wannan katanga, ta hau, ta yi sanyi, ta juye ruwanta gaba ɗaya a gefen yamma. Milford Sound yana samun ruwan sama fiye da milimita 6,000 a shekara. Garin Alexandra, wanda yake bayan tsaunukan ta gabas, ba ya samun ko 400, bai kai abin da Kano ke samu a damina ɗaya ba. Saboda haka a wuni guda direba zai iya fita daga kurmi mai ɗigar ruwa ya shiga fili mai busasshiyar ciyawa ruwan ƙasa, har ya zaci wata ƙasar ya tsallaka.

Jarrabawar farko ba ta tuƙi ba ce, a wajen duba kaya take. Bahaushe ba ya tafiya hannu rabbana, akwai kilishi ko dambun nama a jaka, akwai zuma, goro, daddawa, wani lokaci har da saiwar magani. Niyu Zilan ƙasa ce da ke rayuwa da noma da kiwo, kuma teku ta kare ta daga cututtukan dabbobi da na tsirrai da yawa da suka addabi sauran duniya. Don haka jami'anta ba sa wasa da nama da zuma da iri da ɗanyen 'ya'yan itace, har tafin takalmi suna dubawa ko da ƙasa a jiki. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ka bayyana duk abin da ka ɗauko a takardar shiga. Idan an hana abin, za a karɓe, shi ke nan. Idan ka yi shiru kare ya sansano shi, tarar aƙalla dala 400 ta ƙasar ce nan take. Ban ga laifinsu a wannan tsanani ba, kuma idan muka zo kan tsuntsaye mai karatu zai ga dalili. Ɗan Najeriya ko Nijar yana buƙatar bizar ziyara tun daga gida, da harajin baƙi na kula da muhalli, wanda ya koma dala 100 tun watan Oktoban 2024.

Sai mota. Ana karɓar lasisin tuƙi na ƙasar waje muddin da Ingilishi aka rubuta shi. Wanda nasa na Faransanci ne, kamar mutanen Nijar da Cadi, sai ya haɗa da fassarar da hukuma ta amince da ita ko lasisin ƙasa da ƙasa. Kamfanin haya zai riƙe wani kuɗi a katin banki, kuma a takardar inshora akwai kason da mai haya zai biya daga aljihunsa idan mota ta bugu. Wannan layin ya fi kowane layi muhimmanci a takardar, a karanta shi a tsanake, tare da sunayen hanyoyin burji da inshorar ba ta shafa ba, irin ta Skippers kusa da Queenstown. Wani abu da zai ba baƙo mamaki shi ne, ƙasar tana da hukumar biyan diyyar hatsari, ACC, wadda ke taimakawa da kuɗin jinyar duk wanda ya ji rauni a can, ɗan ƙasa ne ko baƙo, ba tare da an tsaya neman mai laifi ba. Amma rauni kawai ta shafa, ba ruwanta da rashin lafiya ko gyaran mota.

A hannun hagu ake tuƙi. Dattawanmu sun san wannan, domin haka Najeriya take kafin canjin hannu na watan Afrilun 1972, Gana kuma ta bi baya a 1974. Wanda aka haifa bayan haka, jikinsa dama ya sani. Hatsarin ba a cikin gari yake ba, inda motocin gaba suke nuna maka hanya. Yana kan titin da babu kowa, da sassafe, ko bayan an tsaya ɗaukar hoto an koma mota hankali yana kan dutsen da aka gani, sai hannu ya koma wa sabonsa. Saboda haka ne aka zana manyan kibau a kan kwalta a wuraren da baƙi ke yawan tsayawa. Dabarar da ta fi aiki ita ce direba ya riƙa tuna cewa shi ne zai kasance kusa da layin tsakiya, fasinjansa yana gefen daji. A shataletale ana bin hagu, ana ba wanda ke zuwa ta dama hanya. Yawancin motocin na Japan ne, sandar sigina tana dama, don haka a kwanakin farko za a yi ta kunna waifa da nufin ba da sigina. Gara a karɓi mota mai canza giya da kanta, a rage wa hannun hagu aiki. Kuma kada a tuƙa ranar da aka sauka. Tafiyar ta Dubai ko Doha ta fi kwana guda, agogon can yana gaban na Najeriya da awa 11 ko 12 gwargwadon lokacin shekara, ƙarfe biyun ranarsu tsakar darenka ne.

Iyakar gudu a bayan gari kilomita 100 ce a awa, a cikin gari 50. To amma babbar hanya a nan layi biyu ce kawai, ɗaya zuwa ɗaya dawowa, ba shinge a tsakani, tana hawa tana gangara tana nannaɗe duwatsu. Kafin kowace kwana mai tsanani akwai allo ruwan ɗorawa da lamba a jiki, 55 ko 35 ko ma 25, wannan shi ne gudun da kwanar za ta ɗauka, kuma ba a rubuta shi don ado ba. Layi ruwan ɗorawa a gefenka yana nufin ba a wuce mota a nan. Idan motoci suka taru a bayanka, al'adar wurin ita ce ka nemi inda aka faɗaɗa gefe ka kauce su wuce. Hon ba gaisuwa ba ce a can. Ɗaura bel dole ne har ga na kujerar baya, riƙe waya a hannu ana tuƙi kuma laifi ne.

Abin da ya fi rikita baƙo shi ne gada mai layi ɗaya, kuma suna da yawa, musamman a yamma da cikin tsaunuka. Dalilinsu na kuɗi ne: koguna suna da faɗi, ambaliya tana cinye gada, motocin da ke bi kuma ba su da yawa. A bakin kowace akwai allo mai kibau biyu. Idan allon shuɗi ne mai kusurwa huɗu, babbar farar kibiya tana nuna inda ka nufa, kai ne da hanya. Idan mai da'ira ne da jan baki, ƙaramar jar kibiya tana gefenka, sai ka tsaya na can ya wuce. Ko kai ne da hanya, wanda ya riga ya hau gadar shi ake jira. Ba ɗan sanda a wurin, ba danja a yawancinsu, tsarin yana tafiya ne kawai saboda kowa ya yarda ɗan'uwansa zai bi.

Yawancin masu wannan tafiya daga Christchurch suke farawa, birni mafi girma a tsibirin, mai mutum kusan 400,000. Birni ne shimfiɗaɗɗe mai lambuna, sai dai tsakiyarsa sabon gini ne kusan duka, domin girgizar ƙasar 22 ga Fabrairun 2011 ta kashe mutum 185 ta rusa shi. Waccan gogayyar da ta ɗaga tsaunuka ita ce dai take girgiza garuruwa. Musulmi kuwa, akwai wani dalilin da ya sa sunan birnin ba zai fita daga ransa ba. Ranar Juma'a 15 ga Maris ɗin 2019 wani ɗan bindiga ya afka wa Masallacin Al Noor da na Linwood, ya kashe masallata 51. Juma'ar da ta biyo baya aka yi kiran salla kai tsaye a rediyo da talabijin na ƙasa, dubban waɗanda ba Musulmi ba suka tsaya a filin Hagley tare da masu salla, kafin wata guda kuma majalisa ta haramta yawancin bindigogi masu sarrafa kansu. A watan Agustan 2020 kotu ta yanke wa maharin ɗaurin rai da rai ba damar sassauci. Masallacin Al Noor yana nan yana kallon filin Hagley, ana salla a cikinsa. Wanda ya je birnin ya kamata ya shiga ya yi raka'a biyu, ya yi wa waɗanda suka rasu addu'a kafin ya kama hanya.

Daga nan ana yin kudu ta filayen Canterbury, gonaki da shanun madara da injinan ban ruwa, a tsallake gadar kogin Rakaia mai tsawon fiye da kilomita ɗaya da rabi, sannan a karya ciki. Bayan kamar awa uku sai a hau wani tudu, tafkin Tekapo ya bayyana a ƙasa. Launinsa ne ke sa mutane taka birki ba shiri: shuɗi ne mai haske da ya surku da kore da fari, har mai ganin hotonsa yakan ɗauka an yi masa kwaskwarima a kwamfuta.

Ga yadda abin yake. A saman tsaunuka dusar ƙanƙara tana zuba shekara da shekaru ba ta narkewa duka, sabuwa ta danne tsohuwa har ta zama ƙanƙara mai tauri, nauyinta ya sa ta fara gangarowa a hankali cikin kwari. Wannan kogin ƙanƙara yana tafe da duwatsu maƙale a cikinsa, yana gurzar dutsen da ke ƙarƙashinsa yana niƙe shi. Garin da ke fita ya fi kowace fulawa laushi. Idan ruwan narkewa ya kwaso shi zuwa tafki, ba ya kwantawa da wuri, sai ya tsaya a cikin ruwan kamar yadda gasara ke gauraye ruwa kafin ta kwanta, sai dai shi yakan daɗe ƙwarai bai sauka ba. Hasken rana idan ya shiga, ruwa ya shanye ja, waɗannan ƙananan ƙwayoyi kuma su watso shuɗi da kore zuwa ido. Shi ya sa launin ya fi fitowa idan rana ta buɗe, ya dushe idan akwai hadari. Su kansu tafkunan aikin ƙanƙara ne. Fiye da shekara 10,000 da suka wuce kogunan ƙanƙarar sun fi haka tsawo nesa ba kusa ba, suka kwarfe kwaruruka masu zurfi, suka tara tulin tsakuwa da duwatsu a inda suka tsaya. Da suka ja baya, tulin ya zama madatsa, ruwa ya cika ramin. Wannan ne ya sa yawancin manyan tafkunan tsibirin dogaye ne, sirara, masu zurfi, kansu yana cikin tsaunuka. Kuma abin bai tsaya ba. A ƙarshen kogin ƙanƙara na Tasman, mafi girma a ƙasar, akwai tafkin da babu shi kafin shekarun 1970, yau kuwa kwale-kwale ke yawo a cikinsa tsakanin gutsattsarin ƙanƙara, saboda ɗumamar yanayi tana cin ƙanƙarar da sauri.

Tafkin Pukaki, wanda ke gaba kaɗan, shi ne ya fi kyau a ganina, domin idan gari ya waye garau Aoraki yana tsaye a can ƙarshensa, kuma akwai hanya mai kilomita kusan 55 da ke bin gefen ruwan har gindin dutsen. A nan Edmund Hillary ya goge a hawan dutse kafin shi da Tenzing Norgay su hau Everest a 1953. Matafiyi zai lura da manyan magudanan ruwa miƙaƙƙu suna ratsa fili. Mutum ne ya haƙa su, suna haɗa Tekapo da Pukaki da Ohau, ruwa ɗaya yana bi ta tashoshin lantarki ɗaya bayan ɗaya har teku, kuma tun 1965 ake tura wutar daga madatsar Benmore ta waya ƙarƙashin teku zuwa Tsibirin Arewa. Da dare kuma yankin yana da wata dukiyar: a 2012 aka ayyana shi wurin kare duhun sama, fitilun titi duk an rufe kansu suna haska ƙasa kawai, don kada su dushe taurari. Wanda ya tashi a ƙauye ya san irin wannan sama, sai dai taurarin kudu ne a nan. Amma zai gane Kaza da 'Ya'yanta, wadda fitowarta a tsakiyar shekara ce ke buɗe sabuwar shekarar Maori, mutanen asalin ƙasar, har ta zama ranar hutu tun 2022.

Queenstown gari ne na kashe kuɗi. Zinariya ce ta kafa yankin a shekarun 1860, yau kuwa wasannin kasada ne, a gadar Kawarau aka fara sayar da tsalle da igiyar roba a ƙafa a 1988. Masauki yana da tsada, wurin ajiye mota yana wahala, kwana biyu sun isa. Tafkinsa, Wakatipu, shi ne abin tsayawa: tsawonsa kilomita 80, zurfinsa ya kai mita 380, har gindinsa ya fi doron teku ƙasa. Ruwansa yana ɗan hawa yana sauka 'yan santimita kusan kowane rabin awa. A labarin Maori bugun zuciyar wani ƙato ne da ke kwance a ƙasa. Masana kuma sun ce iska da nauyin sararin sama ne ke tura ruwan gefe guda, sai ya riƙa kai da kawowa a cikin dogon ramin.

Mai hankali ba ya zuwa Milford daga Queenstown ya dawo a rana ɗaya. A kwana a Te Anau, a cika tanki a can, domin kilomita kusan 120 da suka rage babu gidan mai, sabis ɗin waya ma sai ƙalilan. A fita da sassafe kafin manyan bas su cika hanya. Kusa da ƙarshe hanyar takan iso gaban bangon dutse, ta shige ramin Homer mai tsawon kilomita 1.2, wanda aka fara haƙa a 1935 da diga da baro, ba a buɗe shi ba sai a shekarun 1950. Bayan ramin gangara ce mai lanƙwasa, a sa ƙaramar giya inji ya riƙe motar, in ba haka ba birki zai yi zafi ya saki. A lokacin sanyi ana wajabta ɗaukar sarƙar taya, kuma akan rufe hanyar idan ana tsoron zaftarewar ƙanƙara. Kada ruwan sama ya hana kowa zuwa. Ranar ruwa ce duwatsun suke zubo da ɗaruruwan magangarar ruwa da babu su ranar rana.

A bakin ramin Homer, inda ake jiran danja, a nan yawanci ake haɗuwa da kea. Aku ne babba, kore mai duhu, ƙarƙashin fiffikensa ja, kuma shi kaɗai ne akun da ke zaune a tsaunukan ƙanƙara. Zai sauka a kan mota ya fara cire robar gilashi da ta waifa da baki, ba don yunwa ba, don son bincike. Makiyaya sun zarge shi da yi wa tumaki rauni, aka sa lada a kan bakinsa, aka kashe kimanin 150,000 kafin 1970. Yau 'yan dubbai suka rage, doka tana kare su. Ba shi abinci cutarwa ce, yana sa shi sabo da titi, mota ta take shi.

Labarin kea ƙofa ce ta fahimtar dukan namun dajin ƙasar, domin wanda ya zo neman irin na Yankari ba zai samu ba. Babu zaki, babu kura, babu ko maciji. Ƙasar ta rabu da sauran nahiyoyi kimanin shekara miliyan 80 da suka wuce, kuma lokacin da mutum ya iso, dabba mai shayarwa da ke kan tudu jemage ne kawai. Tsuntsaye ne suka gaji ƙasa. Da yake babu mai farautarsu a ƙasa, da yawa suka daina tashi, suka yi nauyi, suna ƙwai a rami, suna haihuwa jefi-jefi. Abokan gabansu gaggafa da shaho ne, masu farauta da ido daga sama, don haka dabarar tsira ita ce a daskare wuri guda a saje da ciyawa. Maori sun iso wajen ƙarni na 13 da ɓera da kare, cikin ƙarni biyu tsuntsun moa, wanda wasu nau'insa suka fi jimina girma, ya ƙare. Turawa suka kawo zomo, zomo ya cinye makiyaya, sai a shekarun 1880 suka kawo wata 'yar dabba mai kama da tunku don ta ci zomon. Ita kuwa da hanci take farauta. Tsuntsun da ya daskare yana jiran haɗari ya wuce, ya zama abinci a ajiye. An kuma kawo fosom daga Ostireliya don fatarsa, ya bazu yana cin ganye da ƙwai, shi ne gawar da direba zai yi ta gani a kan kwalta da safe.

Gwamnati ta ƙiyasta cewa waɗannan baƙin dabbobi suna kashe tsuntsayen asali kusan miliyan 25 a shekara, kuma a 2016 ta ɗauki alkawarin kawar da su kafin 2050. Akwatunan katako da ake gani a gefen hanyoyin ƙafa tarko ne, 'yan sa kai ne ke duba da yawa daga cikinsu. A dazuzzukan da ƙafa ba ta kaiwa ana watsa guba daga jirgi mai saukar ungulu, abin da mafarauta da masu karnuka suke adawa da shi sosai. Na fahimci damuwarsu, amma ina tare da masu tarko da guba, domin an ga sakamako. Takahe, wani ƙaton tsuntsu shuɗi mai jan baki, an ɗauka ya ƙare har sai da likita Geoffrey Orbell ya gano shi a 1948 a tsaunukan da ke hayin tafkin Te Anau, yanzu sun kai kusan 500. Kakapo, aku mafi nauyi a duniya wanda ba ya tashi, 51 suka rage a 1995, yau sun haura 200 a ƙananan tsibiran da aka share daga ɓera. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ji haushin jami'in da ya karɓe masa zuma ba.

Daga Te Anau ana ratsa ƙasar tumaki zuwa Dunedin a gabar gabas. 'Yan Sikotilan ne suka kafa birnin a 1848, jami'arsa ta Otago, ta 1869, ita ce mafi tsufa a ƙasar, kuma daga tashar jirgin ruwansa aka fara aika daskararren naman tunkiya zuwa Landan a 1882. Tumakin ƙasar sun kai miliyan 70 a 1982, yanzu sun ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na haka. Yawancin naman da ake fitarwa yankan halal ne saboda kasuwannin ƙasashen Musulmi, amma ba kullum ake rubutawa a kanti ba, sai a tambaya, ko a nemi mahauci ta hannun jama'ar Masallacin Al Huda da ke birnin.

Rabin awa zuwa awa guda daga tsakiyar Dunedin, a kan siririyar hanyar da ke bin bakin ruwa, akwai Taiaroa Head, inda toroa ke ƙwai, tsuntsun teku mai faɗin fiffike mita uku. Ƙwai ɗaya yake yi a shekara biyu, ɗan kuma idan ya tashi sai ya yi shekaru a kan teku bai taka ƙasa ba. A rairayin yankin ne ake samun hoiho, tsuntsun fengwin mai rawayan ido da ke jikin takardar dala biyar. Wuni yake yi a teku yana kamun kifi, da yamma ya fito ya ciyar da 'ya'yansa a cikin ciyayi. Matsoraci ne ƙwarai, idan ya hango mutum a kan rairayi sai ya ƙi fitowa, 'ya'yan su kwana da yunwa. Saboda haka aka gina bukkokin leƙe, kuma adadinsa a gabar tsibirin yana ta raguwa. Wanda ya matsa don hotonsa ya yi kyau, ya sani da ran ɗan tsuntsu ya saye shi. Kekeno da sauran manyan dabbobin teku masu kwanciya a rairayi, mita 20 ake ba su, suna da gudu kuma suna cizo. A Oamaru, kan hanyar komawa, ƙananan fengwin masu tsayin santimita 30 suna fitowa garke-garke bayan magariba, har su tsallaka titi, don haka a rage gudu a bakin teku da dare. Mai sauran kwanaki ya wuce arewacin Christchurch zuwa Kaikoura, inda teku ke zurmawa fiye da mita 1,000 dab da gaɓa, ƙattin dabbobin nan da Turawa ke kira whale suna kiwo a wurin duk shekara, kuma iyalan Maori na garin ne suka kafa kamfanin kai baƙi ganinsu a 1987.

Lokutan shekara a can a juye suke. Zafi daga Disamba zuwa Fabrairu ne, sanyi da ƙanƙara daga Yuni zuwa Agusta. A Disamba rana ba ta faɗuwa a kudancin tsibirin sai wajen tara da rabi na dare, isha'i ta yi nisa, asuba ta zo da wuri, sai a riƙe jadawalin salla na garin da ake ciki. Alƙibla yamma take da ɗan karkata kudu, wanda ya saba fuskantar gabas ya kiyaye. Da tsakar rana kuma rana tana arewa, tana da kaifi ko da iska na sanyi, baƙar fata ma tana buƙatar hula.

Zagayen nan duka, daga Christchurch zuwa tafkuna, Queenstown, Milford, Dunedin a dawo, ya kai kilomita 1,700. Direban da ya saba Kano zuwa Legas zai ce aikin kwana biyu ne. A wannan hanya kwana goma ne mafi ƙaranci, mako biyu ya fi, kuma kada tuƙin wuni ya wuce awa huɗu. Idan kwanakinka ba su kai haka ba, mai karatu, ka yanke wani ɓangare gaba ɗaya, ko gabar Dunedin ko ta Milford, maimakon ka matse su duka ka riƙa tuƙi da gajiya a hannun da ba ka saba ba. Ka zaɓi ƙarshen Fabrairu ko Maris, lokacin da yaran makaranta sun koma aji, hanya ta yi sauƙi, ƙanƙara kuma ba ta fara rufe mashigan tsaunuka ba, sannan ka kama mota da masauki tun watanni kafin ka tashi.